Gungun Inna a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar irin ta tebur ce, akwati daban gilashi daban, kuma ta riga 'ya'yana biyu zuwa gidan. Wani ofis ne a Birnin Kebbi ya sake kayan aiki, na samo ta cikin waɗanda aka fitar, na rungume gilashin a cinya tun daga can har Yelwa. In aka kunna ta sai ta yi tari sau biyu tukuna, sannan fankar cikinta ta kama wani gurnani mai laushi, wanda in ka daɗe kana saurare idonka zai fara lumshewa. Ni malamin firamare ne. Tambayoyin jarrabawa nake bugawa da ita, sai takardar neman hutu in wani abokin aiki ya roƙe ni.

Haka muke har mahaifinmu ya rasu, Inna ta dawo gidana da zama.

Inna Bagungiya ce. A tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, a wani gungu, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin a Kainji. Tana 'yar budurwa aka kwashe su zuwa tudu can wajen Ngaski, daga baya aure ya kawo ta Yelwa. Mu da Hausa muka tashi. Gunganci ba ma jinsa a bakinta sai in ranta ya ɓaci, ko in tana kora kaji akurki. Abin da na iya a harshen uwata bai wuce "zo" da "ci" da zagi biyu ba, kuma har yau ina jin kunyar faɗin haka.

Bayan la'asar, lokacin da batirin sola yake cike kuma zafi ya fara sauka, nakan zauna gaban kwamfuta, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Wata rana, ba wanda ya tambaye ta, ta ce a garinsu har bakin ruwa ake shuka albasa, in tururin sassafe ya rufe kogi mai jirgi da hanci yake gane gida. Hannuna yana kan madannai, sai kawai na buga abin da ta faɗa a ƙarƙashin tambaya ta bakwai ta lissafi. Washegari na buɗe masa shafinsa daban, na sa masa suna Gungu.

Ta gane abin da nake yi, amma sai da aka yi mako ta tanka. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. "Kai" take ce mini, in kuma tsokana take ji ta ce "Malam".

"Kai, wanga akwati naka, shina riƙe magana?"

"Yana riƙewa, Inna."

"Ko an kashe shi?"

"Ko an kashe shi."

"To rubuta."

Shekara uku muna wannan zama. Ba a jere take ba da labarin ba. Yau tana kan dutsen da mata suke wanki, gobe ta koma kan wata akuya da ta iya iyo, jibi ta tsaya kan launin ruwa kafin hadari har a kira magariba ba mu bar wurin ba. Muryarta takan yi ƙasa ta haɗu da gurnanin fanka har in daina bambanta su. Wani lokaci in ɗago in ga gilashin ya yi shuɗi-shuɗi, haruffa suna lilo a ciki, sai in ji kamar ta saman ruwa nake leƙen garin. Ga rumbuna a tsaye, ga tsamiyar bakin mashigi, ga taru a shanye yana motsi a hankali, ga ƙananan kifaye suna shiga ɗakin kakata ta ƙofa suna fita ta taga. Ban taɓa ganin gungun da idona ba, amma na san lungun da ake bi daga mashigi zuwa gidansu, na san inda ake sunkuyawa saboda reshe. Na so wannan zama fiye da komai da nake yi a lokacin, ita ma na san ta so shi, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Akwai abu ɗaya da sai na bayyana, don shi ya ci ni daga baya. Lokacin da na samo kwamfutar, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. In ka so rubuta baƙi sai ta ba ka baki. Wani tsohon malaminmu na kwaleji, Allah ya jiƙansa, shi ya zauna ya ƙera nasa zubin haruffan, ya ɗora masu ƙugiya a kan madannan da ba a cika taɓawa ba, ya raba wa ɗalibansa a faifai. "Hannun Malam" muke ce masa. Da yake mutum ne mai son harsunan bakin kogi, a wanda ya ba ni ya ƙara wasu alamomi nasa na kansa don sautukan da Hausa ba ta da su. Da su nake kama kalmomin Inna. In ta faɗi sunan wani kifi ko wata ciyawa da Gunganci, sai in sa ta maimaita, in duba alamomin Malam in zaɓi wadda ta fi kusa da abin da kunnena ya ji. Ba ilimi ba ne, kintace ne. Amma in na karanta mata takan gyaɗa kai, ko ta yi dariya ta ce na faɗa kamar mai mura amma dai shi ne.

Sai wani saƙo ya fara fitowa a kusurwar gilashi. Wai tsarin da kwamfutar take aiki da shi ya tsufa, masu shi za su daina kula da shi, in koma sabo. Na rufe, ya dawo. Wata biyu ina rufewa yana dawowa. Daga nan shafin intanet da muke shigar da sakamakon yara ya daina buɗewa a gidana, sai na hau kabu-kabu na je shago a kasuwa na bi layi, ni da na yi kwamfuta tun unguwarmu ba wanda ya san inda ake kunna ta. In gaskiya za a faɗa, wannan layin ne ya ƙona mini rai. Ba tsoron ɓarayin intanet da ake ta faɗa ba ne, girman kai ne kawai.

Akwai wurin da ake latsawa kwamfuta ta auna kanta, ta faɗa ko za ta iya ɗaukar sabon tsari. Na latsa. Ta yi dogon tunani, ta fito da amsa cikin jan rubutu: ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan, injinta tsohon yayi ne, ba ta cika sharuɗɗa ba. Na ji haushi kamar ni aka faɗa wa.

"Mi ya hwaru kaka ɓata huska?" in ji Inna daga kan tabarma.

Na ce an ce a zuba mata sabon tsari, ita kuma ta ce ba za ta iya ɗauka ba.

"Ita da kanta ta ce?"

"Ita da kanta."

"To mi kaka nema kuma?" Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Garinmu, in anka yi lodi, mai jirgi sai ya duƙa ya aza hannu ga bakin jirgi. In babu yatsa huɗu tsakanin baki da ruwa, sai an rage kaya, ko na wane ne. Kai ka aza hannu ka ga yatsa guda."

"Inna, kwamfuta ba jirgi ba ce."

"Awo," ta ce. "Ai kai ne Malam."

Ran kasuwa na ɗaure akwatin a bayan kabu-kabu na kai wa mai gyara, wani dattijo mai furfura da shagonsa ke bayan 'yan kifi. Daga gyaran rediyo ya faro, kowa Injiniya yake ce masa, kuma duk na'urar da ta kwana wurinsa da warin banda take komawa gida. Ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya daɗe yana kallon cikinta.

"Malam, wagga tsohuwa ta yi maka aiki. Ƙyale ta yadda take. Cire ta daga intanet, ka yi ta rubutunka hat Allah ya kawo lokacinta."

"Amma ana iya sa mata sabon?"

"Ana iya tura mata shi ta bayan fage. In na ƙara mata ƙwaƙwalwa kaɗan za ta ɗauka. Amma hwa ɗauka daban, tahiya da shi daban."

Rabin maganar na ji. "Za ta ɗauka" ya shige ni, sauran ya bi iska. Ya ce dole sai an goge komai na cikinta tukuna, na ce a goge. Ya kwashe takarduna a filashi ina tsaye, na leƙa na ga Gungu yana ciki, na tambaye shi ko duk ya kwashe, ya ce duk takarduna suna nan. Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da abin da zan ɗora masa. Bai san da hannun Malam ba, ni kuma ban faɗa masa ba, don a tunanina hannun yana jikin rubutun yadda tawada take zama a jikin takarda. Ban san cewa a wani lungu daban na kwamfutar yake zaune ba, rubutun aronsa kawai yake yi duk lokacin da aka buɗe shi.

Ya ce in dawo bayan azahar. Na gangara bakin ruwa na zauna a inuwar wani jirgi da aka kife ana toshe masa ɓaraka. Rana ta kwanta kan tafki, ko'ina fari fat, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Wani jirgin shinkafa ya taso daga wajen Shanga, ya daɗe a wuri ɗaya kamar an rataye shi, sannan na ga ya iso ban san yaushe ba. Na riƙa tunanin ko a wane gefe garin Inna yake kwance, ko tsamiyar tana nan tsaye a ƙarƙashi ba ganye. Ina cikin wannan gyangyaɗi ya ɗauke ni, na farka da sanyin rai, ina ganin na yi abin kirki.

Sabon tsarin kyakkyawa ne, ba zan ɓoye ba. Launuka masu sanyi, kusurwoyi a goge. Sai dai in ka latsa abu, kana iya tashi ka sha ruwa ka dawo kafin ya buɗe, fanka kuwa ta bar gurnani ta koma ihu. Duk da haka shafin sakamakon yara ya buɗe a ɗakina, na yi yini guda ina jin kaina.

Washegari bayan la'asar na buɗe Gungu.

Ƙasa ta zama }asa. Ɗaki ya zama ]aki. Duk inda ƙugiya take, wata alama ce ta lissafi ko ta baka ta zauna a gurbinta. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, don na gane kowace alama da harafin da ta kora, kuma abin dariya shi ne sabon tsarin ya san ƙ da ɗ da ɓ da kansa, ba ya neman hannun kowa. Amma da na gangara zuwa kalmomin Inna, sai na ga inda ɓarnar take. Duk inda na sa alamar Malam, wani ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, fanko, kuma dukansu iri ɗaya. Sunan kifin da ke kuka in an kama shi, akwati uku. Sunan iskar da ke zuwa kafin ruwan farko, akwati biyu da wasali a tsakiya. Shafi bayan shafi, Hausar tana nan, Gungancin ya zama ramuka.

Na koma wurin Injiniya a guje. Ya yi kwana biyu yana tono a cikin abin da aka goge, bai samu komai ba, sabon ya riga ya hau kan tsohon ya zauna. Bai ce mini "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Na juye akwatunan gida ina neman faifan Malam, na same shi a ƙasan tsofaffin takardu ya tsage biyu. Na buga wa abokan karatu waya ɗaya bayan ɗaya. Masu shi, na farkon ne gare su, wanda ba shi da alamomin bakin kogi. Sauran sun ce in tambaye su wani abu dai, ba kwamfutar da suka yar tun tuni ba.

Mako guda ina ce wa Inna batir ne ya yi sanyi. Tana shimfiɗa tabarmarta kamar kullum, tana ɓarar gyaɗarta. Ran na takwas ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ya nutse?"

Na faɗa mata duka. Na ce labarin yana nan, kalmominta ne suka tafi.

"To ai ina nan," ta ce. "Karanta, in ka kai ga ramin ka tsaya."

Haka muka sake shiga garin, wannan karon da baya da baya. Ina karanta jimla, in na kai gurbi in yi shiru, ita ta cike. Yawanci kafin in rufe baki ta faɗa. Nakan rubuta da haruffan da kowa yake da su, in kuma naɗi muryarta a waya, abin da wauta ta hana ni yi shekara uku. Kwamfutar takan sandare a tsakiyar kalma, ɗan zobe yana ta juyawa a gilashi, mu biyu mu zuba masa ido, kurciya tana kuka a kan katanga, har ta farfaɗo mu ci gaba. Wani abin mamaki, zaman ya fi na farko daɗi. Yanzu ni ke ba ta labarin garinsu tana saurare ido a lumshe, wani lokaci ta ce, "Ni na hwaɗi wannan?" in ce ita ce, ta yi murmushi ta ce ashe ta iya magana. Na fara jin cewa Allah ya rufa mini asiri, wautata ba za ta ci komai ba sai lokaci.

Damina ta shigo muna kai, har muka iso labarin ranar tashi daga gungu. Na karanta yadda aka cika jirgi da tukwane da turmi da awaki a ɗaure. Na karanta yadda kakata ta ƙi shiga, ana ta kiranta, sai da ta koma ta share tsakar gida tsaf, ta ja ƙyauren ɗakinta, ta kai bakinta kusa da shi ta faɗi kalma ɗaya. A ƙarƙashi ga bayanin da Inna ta yi mini a wancan lokacin: ba ban kwana ba ce, abin da ake ce wa mai barci ne in za a fita a bar shi, don kada ya farka ya tsorata. Kalmar kanta harafi biyar ce, huɗu akwati, na ƙarshe wasali.

Na tsaya a bakin ramin ina jira kamar kullum.

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito.

"Sake karantawa."

Na sake. Ta ce in koma tun daga turmi. Na koma tun daga turmi, a hankali, na bi kakata har bakin ƙyaure na tsaya.

"Bari," ta ce. "Tana tahe."

Kalmar ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Na je kasuwa wurin matan Gungawa masu sayar da busasshen kifi, na durƙusa na gaishe su, na yi musu bayanin abin da nake nema. Suka yi ta gardama a tsakaninsu, suka ba ni kalma huɗu, na naɗo su a waya. Inna ta saurari kowace sau biyu da wayar a manne da kunne. Kalmar farko, Inna ta ce ta mutanen tudu ce. Ta biyu da ta uku ta ce ta san su, amma na wani gungu ne, su ba haka suke cewa ba. Ta huɗu ta daɗe a kanta har na fara sa rai, sannan ta miƙo mini wayar ta girgiza kai. Ta ce mai yiwuwa ma ba ta gari ba ce, ta gidansu ce kawai, kuma duk waɗanda suka shiga jirgin nan ita kaɗai ta rage.

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni na ɓatar da ita."

Ta daɗe tana kallon tsakar gida, inda ruwan rufi yake ɗiga cikin bokiti.

"Tun ina budurwa nake ɗauke da ita," ta ce. "Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba, ko ubanka. Kullum in zan kwanta sai na taɓa ta in ji tana nan. Ran da na ba ka ita, sai na sauke. Na ji daɗin saukewa, kai. Ban san za a sake tambayata ba."

Ba ta yi kuka ba, ni na yi, ina ɗan shekara arba'in da wani abu, a gaban uwata. Ta bar ni na gama, ta tura mini farantin gyaɗa, ta ce in hau kujerata in karanta na gaba.

Akwatunan huɗu suna nan a wurinsu, ban goge ba. In na zo wurin a karatu nakan yi shiru daidai tsawon kalmar, sannan in wuce zuwa inda aka tura jirgi.